Kwamfutar Ekrem Mai Mutuwa a Bayan Idonsa

Duk wanda ya zauna a layinmu a Tuzla ya san Ekrem mai gyaran wuta, ko da bai taɓa shan gahawa da shi ba. Shi ne dogon tsohon nan na hawa na uku, wanda ko ɗaurin aure za shi sai ka ga kan sukundireba yana leƙowa daga aljihun gabansa. Shekara talatin da takwas ya yi yana aikin lantarki a ma'aikatar gishiri, kuma har ya ajiye aiki ba a taɓa jin wuta ta ja wani a sashensa ba. Maystor muke ce masa, sunan da muke ba wanda hannunsa ya nuna a sana'a. In ka ce masa Ekrem kawai zai juyo, amma sai ya gama abin da yake yi.

Ɗan mai haƙar kwal ne daga wani ƙauye a bayan gari, su biyu maza, shi da yayansa Sabit. Yana shekara goma sha biyar aka kai shi koyon aiki, ya share shekarar farko ba a bar shi ya taɓa waya ba, sai shara da riƙe tsani. Abu ɗaya maigidansa ya dasa masa tun a lokacin: kafin ka bar wuri, kashe wuta. Ya riƙe wannan har ya zama masa jiki, ko gidan mutane ya je ziyara sai hannunsa ya kashe musu fitila yana fita. Lokacin yaƙi, da gari ya yi wata da watanni cikin duhu, shi ne ya ɗaura injin cajin batirin wata matacciyar mota a jikin keke, mazan benenmu suna hawa suna murzawa bi da bi, kowa ya samu ya ji labarai a rediyo. Har yau in aka tuna masa sai ya ce ƙafafun maƙwabta ne suka yi aikin, shi waya kawai ya haɗa. Faɗa kawai yake yi, yana jin daɗin a tuna.

Da ya ajiye aiki bai sayi kwamfuta ba, don a wurinsa saye aikin marasa hannu ne. Haɗa ta ya yi da kansa, guntu-guntu. Babban allon da komai ke hawa kai ya samo shi a shagon Slavko, wanda ya koyi aiki a ƙarƙashinsa a ma'aikata kafin ya buɗe shagon kwamfuta ya yi tumbi da sanƙo. Faifan ajiya guda biyu 'yarsa ce ta aiko daga Austriya. Shi kuwa akwatin wuta, wanda ke karɓar wutar bango ya tace ta ya raba wa sauran kayan ciki, daga wata tsohuwar kwamfutar ofis da za a zubar ya ciro shi. Ya hure ƙura, ya auna da mitarsa, ya ce wa Slavko wannan akwati shi zai binne shi. Mu dai haka muke, abin da ke da sauran numfashi ba ma jefar da shi.

Ba don wasa ya haɗa ta ba. Kowane gida a layin yana da tsofaffin kaset na bidiyo, na biki, na rakiyar yaro aikin soja, na Sallah a ƙauye, kuma da yawa daga mutanen da ke rawa a ciki yaƙi ya cinye su. Kaset kuwa yana ruɓewa a kabad. Ekrem ne ke juye su cikin kwamfuta ya ba mutane, ba ya karɓar komai sai ƙullin gahawa in an matsa masa. Kaset ɗaya awa uku yake ci, don haka sai ya kunna aikin da hantsi, ya sa hularsa, ya tafi wajen tsofaffin abokansa wasan domino, ya dawo da azahar ya tarar an gama.

Matarsa Zumreta, wadda suke tare shekara arba'in da uku, mace ce da ba ta iya ganin saman abu tsirara. Talabijin, firji, rediyo, har injin wanki, kowanne ta saƙa masa 'yar farar shimfiɗa ta ɗora. Ekrem ya bar mata gidan duka ban da kwamfutar. Ya ce ko ƙura ce shi zai goge. Ta tura baki ta ce ita me ya dame ta da wannan abu mai gurnani, ta koma kujerarta ta bakin taga, inda haske ya fi kyau, ta ci gaba da saƙa. Kwamfutar tana ƙasa kusa da kujerar, ta ba ta baya.

Da sanyi ya fara shigowa, wata rana ya dawo ya tarar kaset ya kai ƙarshe, kwamfuta kuwa a mace, aikin bai kamu ba. Ya danna ta tashi lafiya lau. Ya ce ko wuta ce ta ƙifta. Kwana biyu bayan nan aka sake, sannan aka sake. Ya tambayi Zumreta ko an ɗauke wuta, ta ce ina, rediyonta ko tari bai yi ba. Ya tambaya ko wani ya taɓa, ta dube shi ta saman tabarau ta ce ita ko wajen kunna ta ba ta sani ba, kuma gaskiya ta faɗa.

To, sai Maystor ya naɗe hannun riga. Ya ciro sandunan ram, masu riƙe wa kwamfuta aikin da take ciki, ya goge bakinsu ya mayar ɗaya bayan ɗaya. Ya cire fankar da ke kan ƙwaƙwalwar kwamfutar ya share, ya shafa sabon mai. Ya bi kowace waya ya girgiza. Ya auna soket ɗin bango, ya auna akwatin wuta, inda ake son sha biyu sha biyu ya gani, inda ake son biyar biyar ya gani. Daga nan ya yi abin da kowane mai gyara ke yi in ciwo ya ƙi nuna kansa, ya zauna ya tsare ta. Kwana uku bai je domino ba, kaset shida ya juye, kwamfuta tana aiki sumul. Rana ta huɗu ya fita, ya dawo ya tarar da ita a mace.

A nan ne gabansa ya faɗi. Abin da ba ya mutuwa sai ba ka nan, kuma ba wanda ya taɓa shi, to wa ya rage? Hannun nan nasa da ke kashe fitilar mutane ba tare da ya sani ba. Ya zauna a bakin gado ya yi ƙoƙarin tuna fitarsa ta safe, ya ga hula, ya ga mabuɗi, ya ga matakala, amma bai ga ko ya miƙa hannu ƙasan tebur ba. Yayansa Sabit haka ya fara, yana shekara saba'in: ya kashe murhu ya rantse bai kashe ba, ya kulle ƙofa ya rantse a buɗe ya bar ta. Yanzu Sabit yana zaune a gidan ɗansa, in Ekrem ya je gaishe shi sai ya kira shi da sunan mahaifinsu. Ekrem kuwa saura wata huɗu ya cika saba'in.

Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko lokacin da ake ruwan bama-bamai. Ya fara rubuta 'yan takardu yana sawa a aljihu: na bar ta a kunne, ƙarfe goma da kwata. Ya dawo ya tarar a mace, ya ce to wa ya san abin da hannun ya yi bayan ya ajiye biro? Ya riƙa sauka hawa uku ya sake hawowa ya leƙa. A wajen domino ya riƙa ajiye ƙwayar da bai kamata ba, abokai suna tsokanarsa wai ko ya yi budurwa ne, yana yaƙe. Burek, gasasshen naɗin ƙullu mai nama a ciki da Zumreta ke murzawa da hannunta, wanda da sai ta ɓoye rabin faranti don kada ya cinye, ya zama sai ya tsakura ya ture. Slavko ya ji labari ya aiko a kawo masa ita ya duba, Ekrem ya ƙi. Yana tsoron Slavko ya duba ya ce lafiyarta ƙalau. Haka ya kwashe mako biyar, bai gaya wa kowa abin da yake tsoro ba.

Wata Alhamis ya dawo da azahar, tun daga bakin ƙofa hancinsa ya gaya masa labari. Ƙaurin da ya sani tun yana ɗan shekara sha biyar ne, na wayar da ta dahu. Zumreta tana kicin tana soya albasa, ita ba ta ji komai ba. Ya danna madanni, shiru. Ya sake dannawa, shiru. Wallahi sai ya ji wani sanyi a ransa, domin gawa dai ana iya buɗe ta a ga abin da ya kashe ta.

Ya kwance notina huɗu, ya zaro akwatin wutar ya ɗora a tebur shi kaɗai. Ya lanƙwasa guntuwar waya ya haɗa koriyar waya da baƙa a bakin babban fulogin, yadda ake yi in ana son akwati ya tashi ba tare da kwamfuta ba, ya sa a bango. Fanka ko motsi. Ya cire daga bango, ya jira, ya sauke sauran wutar da ke maƙale a ciki, don shi ya san akwatin nan yana iya harbin mutum ko a kashe yake. Sannan ya buɗe. 'Yan tulunan nan da masu gyaran rediyo ke kira kafasita sun kumbura, biyu sun fashe baki, allon ƙarƙashinsu ya yi launin ɓawon burodi. Zafi ne, ba na rana ɗaya ba. Amma ya juya fankar da yatsa ta juya salin-alin, ƙura ma babu. To ta ina zafin ya taru?

Ya juya akwatin ya kai ragar bayansa, inda iska ke fita, kusa da taga. A jikin ragar, a kowane ɗan rami, akwai wani gashi-gashi ja, wani ya ƙone ya naɗe. Ya tsinko ɗaya da farce ya murza. Ulu ne. Ya ɗaga kai a hankali ya dubi kwandon da ke gefen kujerar Zumreta, inda jajayen safunan da take saƙa wa jikoki suke jibge.

Ya kira ta da hanuma, wato uwargida, kamar yadda ya saba. Ta zo tana goge hannu, ta ga abin da ke tsakanin yatsunsa, ta tsaya.

"Hanuma, wannan na waye?"

"Ni ban taɓa maka komai ba," in ji ta. "Safa ce kawai."

Sai magana ta fito, da faɗa-faɗa, don Zumreta in ta ji kunya faɗa take yi. Ta ce abin nan nasa yana hura mata iska daidai gwiwarta ta hagu, ga sanyin taga ta wancan gefen, ita a tsakiya. Me ake kiran wannan in ba promaya ba? Mu kuwa kowa ya san promaya, iskar da ke shiga ta nan ta fice ta can, ita ce ke sanƙarar da wuya, ita ce ta karkatar da bakin ƙanwar kakarta, kuma ba a gardama a kanta a garin nan. Ta ce ta yi masa magana tun shigowar sanyi ya ce iska mai ɗumi ba promaya ba ce, ita kuwa gwiwarta ba ta san wannan karatun ba. Shi ya sa in ya fita sai ta ɗauki safa ɗaya ta toshe ramin, in abin ya gama aikinsa ya yi shiru sai ta cire ta mayar kwando, don kada ya dawo ya tayar mata da hankali.

"Ya gama aikinsa?" in ji Ekrem.

"To injin wanki in ya gama ba shiru yake yi ba?"

Ekrem ya zauna a ƙasa dirshan. Komai ya fito fili: akwati ya rasa wajen numfashi, ya yi zafi, ya kashe kansa, kafin shi ya dawo ya huce ya yi kamar ba shi ba. In yana gida kuwa safa ba ta fitowa. Dariya ta kama shi, ya yi ta yi har hawaye suka zubo, yana riƙe da ɗan zaren nan. Zumreta da ta shirya wa faɗa ta rasa inda za ta sa kanta, ta ce in ya gama haukarsa abinci na nan. Ranar faranti biyu ya ci.

Washegari ya ce ta shirya su je shagon Slavko tare, tunda gwiwarta ce za ta zauna da abin, ita ma ta sa baki. Slavko ya ga gawar akwatin a leda ya ce ashe Maystor ne ya binne akwati, ba akwati ya binne Maystor ba. Da ya ji labarin safa ya yi dariya har ya dafa kantar shagon. Bai gama ba wani ya shigo ya bar ƙofa a buɗe alhali tagar baya ma a buɗe take, nan take Slavko ya dafe ƙeyarsa ya daka wa mutumin tsawa ya rufe, ko so yake ya kashe su? Zumreta ta dubi mijinta, ta gyara zama.

Slavko ya fara sauko da wani ƙato mai wat ɗari takwas da hamsin, fankarsa tana walƙiya kala-kala, ya ce shi samari masu wasanni ke rububi. Ekrem ya tambaye shi ko gidan rawa aka ce masa zai buɗe. Ya ce a yi lissafi tukuna. Ƙwaƙwalwar tana jan sittin da biyar, allo da sanduna arba'in, faifai biyu ashirin, katin juye bidiyo sha biyar, fankoki goma. Slavko ya danna a wayarsa ya ce ɗari da sittin.

"Ɗari da hamsin," in ji Ekrem. "Fanka sau biyu ka sa. Tun a ma'aikata haka kake."

Slavko ya sake dannawa, ya sosa sanƙo. Ekrem ya ce a ninka uku a bar wa akwati sarari ya sha iska, ɗari huɗu da hamsin ta ishe shi har ta yi yawa. Sai bayan ya rufe baki ya lura ko biro bai taɓa ba, kuma lissafin ya zo masa tsaf kamar da.

Aka kawo guda biyu. Na farko mai sauƙi ne, an rubuta masa manyan lambobi a jiki, Ekrem ya ɗaga shi a tafin hannu ya ji shi sakayau kamar gwangwanin da aka shanye, ya mayar. Ya ce ya gaji da tsimi a wurin da bai kamata ba, domin akwatin wuta in ya tashi mutuwa wani lokaci ba ya tafiya shi kaɗai, sai ya ja allo da faifai, ga bukukuwan rabin layi a cikin faifan nan. Na biyu yana da nauyi, ba ya ɓarnar wuta ta koma zafi, yana da kariya in wuta ta yi yawa ko zafi ya hau, kuma Slavko ya ce fankarsa ba ta juyawa sam sai aiki ya yi nauyi. Nan Zumreta ta miƙe. Ta sa aka haɗa shi da kwamfutar gwaji ta shago, ta ciro zare daga jakarta ta riƙe a bakin ragar. Zare bai motsa ba. Ta ce wannan ɗan mutunci ne.

Slavko ya ƙara da cewa garantinsa shekara bakwai. Zumreta ta ce su masu kamfanin wa ya gaya musu ita da tsohon nan za su kai? Ekrem ya ce za su kai, a naɗe musu.

Da la'asar ya kwantar da kwamfutar a kan tebur. Cikinta duhu, idonsa kuma ba kamar da ba, sai ya ba Zumreta tocila ta haska masa. Ya ɗaure akwatin, ya sa babban fulogi, ya sa na ƙwaƙwalwa, ya bi faifai ɗaya-ɗaya, yana gaya mata in an gama zai mayar da kwamfutar ɗaya ɓangaren tebur ta ba bango baya, a bar mata tazarar tafin hannu. Kansa yana cikin ƙarfen nan, bai dube ta ba, maganar ta fito.

"Na ɗauka ni nake kashe ta. Na ɗauka irin na Sabit ne ya zo."

Ya ci gaba da magana da wayoyi, ya ce har ya je asibiti a ɓoye an ba shi ranar ganin likita, tara ga watan gobe, katin yana ƙarƙashin akwatin kayan aiki. Zumreta ta juyo ta dube shi. Ta ce mako biyar yana ɗauke da wannan a gefenta, ita tana ta sauya miya ta ɗauka gishiri ne ya yi yawa. Ta ce shi da akwatin ƙarfe suka zauna suka yanke wa kansa hukunci, ita da ta san kan nan tun yana da baƙin gashi ba a tambaye ta ba. Ta share ido da bayan hannun da ke riƙe da tocila, haske ya bi rufin ɗaki ya dawo.

"Saurara, tsoho. Likita za mu je, ƙafarka ƙafata, a duba a gaya mana. Amma ranar da kan nan zai fara tafiya, ni zan riga ka sani, zan riga likita. Ban gani ba tukuna. In na gani zan faɗa maka da bakina, sannan in jawo kujerata kusa da taka."

Saura ɗan fulogi ɗaya a hannunsa, na faifan da ke ɗauke da bukukuwa. Ya laluba ya kasa, don idanunsa sun cika, komai ya zama ruwa-ruwa.

"Ɗaga fitilar, hanuma, ba na ganin ramin."

Ta ɗaga, ta matso har kafaɗarta ta taɓa tasa. Fulogi ya shiga.